Buƙata Ta Bakwai

Ban san shari'a da roƙo take farawa ba.
Na zaci ihu ne da nuna yatsa.
Sai ga lauya Wozniak a kicin ɗinmu,
ta ture kwanon tuffa gefe, ta ce:
Marlene, kafin alƙalin hukumar muhalli ya saurare ku,
sai kowa ya zazzage wa abokin ƙararsa aljihu.

Muka jera wa kamfanin fasa dutse buƙatu goma sha tara.
Ta bakwai ce tawa:
duk takardar da ke nuna awa nawa injinansu
suka kwana suna zuƙe ruwa daga rami,
Maris zuwa Nuwamba,
shekarar da rijiyar gonarmu ta yi shiru.

Kwana talatin aka ba su.
A na ashirin da tara amsa ta iso:
wai tambayar ta yi faɗi,
wai ta yi nauyi, wai sirrin kasuwa ne.
Alƙali ya ce a kawo.
Suka kawo kuwa,
kwali arba'in da ɗaya a bayan mota,
rasiɗin man inji, rasiɗin safar hannu,
jerin waɗanda suka ci nama a walimar ƙarshen shekara.
Lauya ta ce allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.
Na ce ai ruwan ne babu.

Abin da ban shirya masa ba,
su ma suna da baki.
Suka nemi littattafan aljihun babana,
masu jan bango, talatin da biyu,
inda yake rubuta zurfin rijiya
kowace Lahadi kafin coci.
A gefen wani shafi, da fensir:
Yau Irena ta tafi. Ruwa ƙafa tara.
Na tambaya ko zan iya cire wannan.
Ba a cirewa.
Inji ya buga masa lamba a ƙasa kamar sauran,
ɗari huɗu da sha shida,
mutuwar uwata ta shiga fayil.

Ranar duba fili ƙanƙara ta rufe Pennsylvania.
Umarnin ya faɗi komai:
ƙarfe tara zuwa ɗaya, mutum huɗu,
a ɗauki hoto, a ɗebi kwalba uku, kada a haƙa.
Shanu dai ba a rubuta su ba,
suka zo bakin shinge suka tsaya shaida.
Injiniyansu yaro ne, Pruitt, takalmin aro a ƙafarsa.
Ya zura ma'auni cikin rijiya,
ya yi ta saki, ya yi ta saki,
har ƙarfen ya ce ƙwal a kan dutse.
Bai dube ni ba.
Ya mayar da kwalabensa jaka yadda ya zo da su,
ya daɗe yana neman abin da zai rubuta.

Alhamis ta zagayo, mu ma muka shiga nasu.
Aka ɗora mini hular kwano ruwan ɗorawa,
aka ce kada in wuce jan igiya.
Can ƙasan ramin ga tafki kore shar,
injina biyu na gurnani a bakinsa.
Zuciyata ta ce na san ruwan nan.
Amma ruwa ba shi da lamba a ƙasan shafi,
ba zan iya rantsuwa a kansa ba.

A kwali na talatin da uku na ga rubutun hannu,
wani shugaban ma'aikata, watan Yuli:
Maƙwabta za su fara kuka idan muka
sai baƙin tawada, layi uku, ƙirin.
Na ɗaga takardar ga fitila kamar mai duba ƙwai.

Lauya ta rubuta a ɗage tawadar.
An sa zama watan Afrilu.
Tankar ruwa na zuwa duk Talata, dala ɗari da tamanin.
Da dare, in na gama tatsa,
ina wanke hannu da kofi guda,
in jawo kwali na talatin da huɗu.